Taku Uku Daga Jan Fenti

Haƙoran Baffa, ƙanen mahaifina, guda biyu suna nan ƙarƙashin kwaltar da ta ratsa unguwarmu a Garwa. Ina tsaye suka faɗi. Na ga jinin da ya biyo su, na ga ƙasar da aka turo ta binne su. Duk mai wucewa a kan babur yau, tsakanin mai facin taya da rumfar mai shayi, a tsakar gidanmu yake wucewa bai sani ba.

Kakan Baba ne ya gina gidan. Bakano ne, falke, ya iso da jakuna ɗauke da baƙin saƙi da kanwa tun Faransawa ba su zo ba, ya ga kogin Binuwai ya ce tafiya ta ƙare. Har magini ya aika aka ɗauko masa daga gida. Zaure biyu aka yi masa, na farkon mai rufin ɗaurin guga, wanda in ka yi sallama a ciki muryarka takan dawo maka da kauri kamar ta wani dattijo. A kansa akwai soro mai 'yan tagogi uku. Fataken goro sun kwana a zauren nan, masu jiran jiragen ruwa da damina sun kwana, har ana cewa a wancan zamani babu Bahaushen da ya taka Garwa bai ci tuwon gidan ba. A nawa zamanin kuwa jemagu ne a soron, sai ni. Can nake hawa da littattafan lise, wato sakandare, in karanta layi biyu, in ɓata sauran yinin ina kallon shirwa tana zagaya kasuwa.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi wa gidan yaɓe, ƙasa bisa ƙasa, har katangar gaba ta yi kaurin da yaro zai miƙe a bakin tagarta ya yi barci. Baba yakan ce, "Gidan nan ƙiba yake yi. Kowace shekara sai ya ci hanya tafi ɗaya. Wata rana hanya za ta rama."

Ta rama ina shekara ta biyu a jami'a a Ngawundere. Na dawo hutu na tarar da ƙatuwar alama ta jan fenti a jikin zaure, da wani layi ja da ya bi ta cikin gida, ya hau katanga, ya sauka, ya raba madafa biyu. Za a faɗaɗa hanya. Duk abin da ke gaban layin zai tafi: zaurukan, soron, ɗakunan maza, da ɗan ɗakin da aka binne mai gidan na farko a ciki, yadda mutanen da suke yi. Abin da ke bayan layin zai tsira, wato ɗakin Hajja, kakata, da rijiya, da wata bishiyar lalle da ke kusurwa a gefen ɗakin.

Kabarin mai gida maza sun yi masa hidima yadda ya kamata. Sun bi ofis-ofis sun karɓo takarda, aka tara malamai, aka tone, aka naɗe abin da aka samu a sabon likkafani aka kai maƙabarta. An raba waina sadaka. Kowa ya ce an fita hakkin matattun gidan.

Washegari da la'asar Hajja ta kira ni.

"Ke 'yar boko, zo ki yi amfani yau. Auna mini daga jan abin nan zuwa can."

Da haɓa ta nuna lallen, ba ta dube shi ba. Dama ba ta dubansa. Kowa a gidan ganyensa yake tsinka in salla ta zo ko biki, ita kuwa sai ta aika kasuwa a sayo mata garin lalle. In za ta rijiya sai ta zagaya. Amma kullum da safe takan watsa masa ragowar ruwan butarta ta baya, kamar ba da gangan ba.

Na taka. "Taku uku, Hajja."

"Naki ko na mutane? Ke da ƙafa kamar ta fara."

Na sake takawa da faɗi. "Uku ne dai. Ya tsira."

Ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta daga ƙirjinta ba. Na ce, "Tsohuwa, soron kakanni zai faɗi ba ki ce uffan ba, sai lallen da ko ƙunshi ba kya yi da shi? Ko wani saurayi ne ya dasa miki?"

Jika na faɗa wa kaka abin da ɗa ba zai iya ba, kaka ma haka. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta. Sannan ta ba ni labarin, fuskarta a bango, kamar labarin wata take bayarwa.

Wata yarinya ce, in ji ta, aka kawo gidan nan amarya. Ta samu ciki. Bisa al'ada gidan iyayenta za ta je haihuwar fari, wani ƙauye can hayin kogi, amma ruwa ya cika ya hana ƙetarewa, haihuwa kuma ta zo wata guda kafin lokacinta. Namiji ne. Ya kwana biyar, bai kai suna ba. Mijinta da surukarta suka binne shi a gefen ɗaki, suka rufe shi da fasasshiyar tukunya, surukar ta dasa lalle don kada a taka. Su biyun sun rasu tuntuni. Cikin da ya biyo baya a gidan iyayenta ta haife shi, kowa ya kira shi ɗan fari, ita kuma ba ta gyara wa kowa ba. Da wane baki? Mace ba ta ambaton ɗan farinta, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a ji. Mu Hausawa muna da kunyar nan, zama cikin Fulani kuma ya ninka mana ita.

Wanda aka kira ɗan farin shi ne Baba. Shekara sittin Hajja ba ta furta sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ko ta yi magana da bango shi ya amsa.

"Hajja, ai sai a faɗa wa Baba, shi ma a..."

"Faɗa, in kin gaji da ni." Ta juyo ta kama kunnena. "Ban yafe ba, duniya da lahira, in ya fita daga bakinki. Taku uku kika ce. Ya isa."

Na rantse mata. Har wani daɗi na ji, wai ni aka zaɓa. Na hau soro ina ta saƙa baitoci a kan jaririn da ya zama ganye. Haka nake a lokacin, in aka miƙo mini ciwo sai in shiga neman kalmomin da za su yi masa ado.

Ranar rusau, hantsi bai gama dubawa ba suka iso: katafila mai ruwan ɗorawa, da mota biyu cike da masu kaki, da kulake da garkuwoyi. Shagunan maƙwabta aka fara ci. Na bulo ne da simintin kamfanin Figil, bugu ɗaya suke zubewa. Namu zauren na ƙasa sai da ya sha uku. A na farko nishi kawai ya yi. A na biyu jemagu suka fito ta tagogin soro kamar hayaƙi. A na uku azara ta shiga karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, daidai ƙarar ƙashin sa a ƙarƙashin gatarin mahauci, sai rufin ya durƙusa. Goggo, ƙanwar Baba, ta ƙwalla ihu. Ƙura ta shiga bakina, ɗanɗanonta irin na ƙasar bangon da nake lasa a ɓoye ina yarinya.

Har nan babu wanda ya ɗaga hannu. Mun riga mun kwashe kaya, mun riga mun yi kukanmu.

Sai wani ma'aikacin kamfanin hanyar ya tsallako tarkacen, da hular kwano da igiyar awo a hannu ɗaya, gwangwanin fenti a ɗayan. Ya kafa igiyar a kan tsohon layi, ya jawo ta cikin gida, ya ce da Faransanci an manta da magudanar ruwa, dole a ƙara. Ina kallon burushinsa yana tafiya a ƙasa. Ya wuce taku uku. Ya wuce lallen. Ya haɗa da rijiya, bai tsaya ba sai a jikin ɗakin Hajja.

Baffa direban babbar mota ne, Ngawundere zuwa Kusiri, mutumin da hannunsa ke riga bakinsa. Ranar ma dai ya yi ƙoƙari, bakin ne ya fara.

"Jiya layi, yau layi. Gobe a goshin uwarmu za ku ja shi?"

"Degaje," in ji ma'aikacin, wato kauce, ya ture shi da bayan hannu kamar mai korar akuya daga shanya.

Baffa ya fizge gwangwanin ya sheƙa masa a ƙirji.

Ja ne fentin. Mutumin ya dubi rigarsa ya kurma ihu, ya faɗi zaune. Daga bakin hanya wani ya ce an soke shi, an soke shi. Masu kaki suka kwararo.

Wanda ya fara isowa bai tambayi komai ba, ya juya bindiga ya sauke wa Baffa gindinta a baki. Na ji ƙarar. Baffa ya tofar, haƙora biyu suka faɗa cikin fentin da ya malale, ba ka gane wanne jini wanne fenti. Mutum huɗu suka rufe shi da takalma. Samarin unguwa, da tun safe suke tsaye suna cizon leɓe, suka ga ashe gidanmu ya zame musu makami. Tubalin da kakan Baba ya sa aka dunƙula shi ya yi ta shawagi a sama. Ɗaya ya fasa gilashin katafila ya tsaga goshin direban. Wani mai kaki ya faɗi, hularsa ta gangara, aka bi shi da guntun azara. Telan da ke maƙwabtaka da mu, dattijo ne da tasbaha a hannu, ya shiga rabon faɗa, kulki ya sauka masa a damtse, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Goggo ta sha bel a gadon baya tana ƙoƙarin jawo Baffa ta ƙafa. Sai masu kakin suka harba barkonon tsohuwa cikin tsakar gida. Idona ya rufe, maƙogwarona ya kama da wuta, na durƙusa ina amai a gindin turmi, kaji suna ta hawa kaina suna neman hanya.

Da na iya buɗe ido, samarin sun watse. Baffa na kife a ƙasa da ankwa a hannu. Direban ya ɗaure goshi da tsumma ya sake tada inji. Hajja kuwa ta shimfiɗa tabarmarta a gaban lallen ta zauna, ta ba shi baya. Hawayen barkono na zuba a fuskarta, ba ta share ba.

Baba ya durƙusa a gabanta. "Hajja, don girman Allah ki tashi. Lalle ne fa. Goma zan dasa miki."

Ta dube ni. "Ki ce wa wancan ya matsa, yana tare mini iska."

"Hajja, mutanen nan ba wasa suke yi ba. Dubi abin da suka yi wa ɗanki."

"Ki ce masa na gani."

Shugaban masu kakin ya duba agogo ya yi nuni da kai. Biyu suka kama tabarmar ta kusurwa suka ja ta da ita a kai kamar buhun gero, bisa tubala da fasassun kwanoni. Ta kife. Na ji wuyan hannunta ya yi ƙara. Baba ya yi kansu, aka tare shi da kulki a ciki, ya naɗe. Suka yasar da ita a bakin ɗakinta. Kafin su juya ta fara rarrafe, hannu ɗaya a rataye, tsohuwa mai kusan tamanin, ɗankwalinta ya faɗi, furfurar da ko mu jikoki ba mu cika gani ba tana waje gari na kallo. Ta koma gurbinta. Ta sake ba lallen baya.

Wani cikin masu kallo ya ce tsohuwar ta rikice. Wata ta ce taurin kai ne irin na masu tsohon arziki. Goggo na kuka tana cewa, "Hajja, a kan ganye za ki sa a kashe mu?" Ni kaɗai na sani, ni kuma na rantse. Ina tsaye "ban yafe ba" ta maƙale mini a wuya, ina jiran Allah ya aiko wani ya faɗa a madadina. Babu wanin. Duk waɗanda suka sani suna maƙabarta.

Suka sake ɗauke ta, wannan karon cak, ɗaya ya riƙe ta ta baya. Ba ta yi ihu ba, ƙafafunta kawai ke tafiya a iska. Katafila ta sauke baki, haƙoran ƙarfen suka nutse a ƙasa, ta fara turowa. Taku uku ne, ni na auna su da ƙafata. Na ga na farko ya tafi.

Ban san lokacin da na shiga gabanta ba. "Kabari ne!" Injin ya cinye muryar. Na sake da Faransanci, ina dukan ƙarfen da tafin hannu har ya fashe: akwai jariri a binne a nan, ɗan tsohuwar nan ne, ɗanta na fari. Na faɗa da ƙarfin da har na tsallaken hanya suka ji.

Direban ya dube ni ta fasasshen gilashi, jini ya bushe masa a gira. Mutumin kudu ne, da ɗan gicciye a wuya. Ya kashe injin. Ma'aikacin nan mai jan ƙirji ya hau shi da faɗa. Direban ya ce shi bai taɓa bi ta kan kabari ba, in akwai mai so ga makulli nan.

Wanda ke riƙe da Hajja ya sake ta. Ta tako a hankali har inda nake, na buɗe hannu ina zaton jikina za ta faɗo. Da hannun mai lafiyar ta ɗauke ni da mari, irin wanda ban san akwai shi a jikinta ba. Ɗan kunnena ya tsaga fata ya yi tsalle. Har yau kunnen nan yakan yi mini ƙugi in hadari ya haɗu.

"Mara kunya," ta ce. "Mai bakin kasuwa." Sai ta juya ta fuskanci inda katanga take a da, ta tsaya ƙyam.

Baba ya miƙe yana dafe da ciki. Bai dube ta ba. Ni ya tambaya, a hankali.

"Namiji ko mace?"

"Namiji. Kwana biyar."

Sai ya ce, "Ashe ina da wa."

Shugaban masu kakin ya ba da sa'a ɗaya. Baffa ya yi magana daga ƙasa, bakinsa cike da jini, ba wanda ya gane sai da ya maimaita: a kwance shi ya yi tono, in ya so a mayar da ankwar. Aka kwance shi. Da fartanya ɗaya da hannuwa suka yi aikin shi da Baba, telan na zaune gefe rungume da karyayyen hannu yana karanta abin da ya sawwaƙa. Saiwar lallen ta yi zurfi, sai da suka sa adda. Wajen kamu biyu fartanya ta yi ƙaras. Gutsattsarin tukunya ne jajaye, an jera su ɗaya bisa ɗaya, tsawonsu duka bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Baba ya ɗaga su ɗai-ɗai. Babu ƙashi, babu ko zare. Ƙasa ce kawai mai laushi da ta fi ta kewaye duhu, ƙananan saiwoyi sun ratsa ta ko'ina. Na tuna duk ƙunshin sallar da na yi da ganyen nan, na dubi tafin hannuna.

Baba ya tuɓe farar rigarsa ya shimfiɗa. Da tafi suka riƙa kwasa, jinin Baffa na ɗiga a ciki, yana kautar da kai amma bai iya hanawa ba. Suka haɗa da gutsattsarin tukunyar. Baba ya ƙulle, ya rungume a ƙirji, ya fita daga shi sai singileti, 'yan maza biyar ko shida suka bi bayansa zuwa maƙabarta. Baffa bai samu rakiyar ba, an mayar masa da ankwa an jefa shi mota. Kafin azahar babu lalle, babu rijiya.

Sai bayan mako biyu aka sako Baffa, yana magana iska na bi ta gurbin haƙoransa. Hannun Hajja ya ɗoru a karkace. Ni kuwa na zama "waccan". In na kai mata abinci sai ta ce wa Goggo, "Ki ce wa waccan ta ajiye." Haka muka yi har hutu ya ƙare, da na gaba ma. Ba ta tambayi kowa me aka samu ba, ko ina aka kai. Baba bai ce mata komai ba, sunansa ma bai samu ba, har yanzu "wancan" ne. Ya ce ya fi masa, a shekarun nan in ta kira sunansa ba zai san da shi ake ba.

Ɗakin Hajja da ya rage bai yi damina biyu ba, ruwan magudanar ya cinye gindinsa, muka koma wata sabuwar unguwa a bayan gari. Wurin yanzu kwalta ce da fitilun kan hanya. Mai faci ya kafa inda zauren farko yake, masu babur suna jiran fasinja a kan rijiyarmu.

Bara na raka ta asibiti a tasi saboda hannun. Hanyar ta bi da mu ta wurin. Ita kuwa ta leƙa ta taga ta ƙare wa kusurwar kallo, kusurwar da shekara sittin ba ta duba ba, ta ce, "Ji mai facin nan, ko shara ba ya yi." Muka wuce. Can gaba, da muka zo katangar maƙabarta, sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta juya kai ɗaya ɓangaren, ta hau direba da faɗa wai yana gudu kamar an biyo shi. Ba ta juyo ba sai da katangar ta ƙare. Sannan ta miƙo karkataccen hannun ta laluba kunnena, ta murza tabon da yatsa biyu.

"Har yanzu ba ki sa an ɗinke abin nan ba? Wa zai aure ki da kunne kamar na akuyar da aka yi wa shaida?"